Mai Digirin Farce

A shekarata ta farko ta digiri na biyu a Guangzhou akwai wani darasi da muke yi kan tarihin harsuna. Malamar 'yar China ce, gajeruwa, mai furfura a gaban goshi, ba ta dariya sai da dalili. Laoshi muke ce mata, wato malama. Da zango ya yi nisa sai ta raba mana sassan jikin mutum, ta ce kowa ya ɗauki kalma ɗaya ya bi salsalarta, ya zo ya tsaya gaban aji ya yi bayani. Wani ya samu ido, wata zuciya, wani haƙori. Ni farce ne ya faɗo kaina. Na ɗan ji haushi a ranar, gani nake an raba wa kowa tsoka ni an bar ni da ƙashi.

Haushin bai daɗe ba. Abokiyar ɗakina 'yar Tajikistan ce, aikin likita take karanta. Wata safiya na same ta a baranda tana yanke farcen ƙafa, sai na tambaye ta yadda suke kiransa. Ta ce nokhun. Na tambayi wani ɗan Pakistan a ajinmu, ya ce nakhun. Wata 'yar Rasha da ke zama a bayana ta ce nogot. Da na shiga littattafai sai na ga Jamusawa na cewa Nagel, Ingilishi nail, Faransawa ongle, tsohon harshen Indiya nakha. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, da ma waɗanda suka yi ta yaƙar juna, duk sun gaji kalma guda daga wasu mutane da suka rayu dubban shekaru da suka wuce, waɗanda ko layi ɗaya na rubutu ba su bari ba. Masana ne suka jera kalmomin jikokinsu, suka yi ta komawa baya har suka hango kamannin ta asalin, wani abu kusa da nog. Na gano cewa a Rashanci kalmar ƙafa gaba ɗayanta daga wannan tushen ta fito. Na gano cewa Girkawa sun sa wa wani dutse mai sheƙi sunan farce don ya yi kama da shi. Sai na koma kamar yarinyar da aka saya wa sabon takalmi, kowa na gani sai na nuna masa.

Hausa ba ta cikin wannan dangin, wannan na sani tun farko. Laoshi ta sha ja mana kunne cewa kamannin sauti ba shi ne zumunci ba. Kalmar farce a bakin 'yan China, idan Bahaushe ya ji, zai rantse jijiya aka ce, alhali babu abin da ya haɗa su. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne mu kalmomi uku gare mu. Mu a Kano farce muke cewa. Kakata ƙumba take cewa har ta koma ga Allah. Akwai kuma wata Hajiya 'yar kasuwa daga Maraɗi da muke haɗuwa a sashen mata na Masallacin Huaisheng, ita da na tambaye ta sai ta ce, "Mu akaihwa muka sani, ɗiyata." Kalmomi uku, ban san inda ko ɗaya ta fito ba, kuma abin da na iya samu a ɗakin karatu bai kai ni ko'ina ba.

Na tsara yadda zan yi. Ba zan fara da allo ba. Zan sa 'yar Rasha ta miƙe ta faɗi tata kalmar, ɗan Pakistan ya faɗi tasa, wani ɗan Kamaru ya faɗi ta Faransanci, abokiyar ɗakina ma ta yarda za ta baro ajinsu ta zo ta faɗi tata. Ina so ajin ya ji zumuncin da kunnensa kafin in ce komai. Daga ƙarshe in rubuta namu ukun in ce ga inda ilimina ya tsaya. Ranar Talata aka ba ni, da safe.

Ana cikin haka Umma ta kira ta ce Kawu zai zo sarin kaya.

Kawu ƙanin Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi kaɗai ya rage mata namiji. Yana da shago a Kano, kayan yara da dogayen riguna yake sayarwa. Umma ta goya shi yana jariri, har yanzu kuma kallon jariri take yi masa duk da gemunsa ya yi fari. Ta ce in kula da shi, baƙo ne, bai iya yaren ba. Na ce to. Da zuciya ɗaya na ce, don ina kewar gida, ko muryar ɗan uwa ma abin so ce.

Tun daga filin jirgi na gane yadda zaman zai kasance. Bai tambaye ni ya karatu ba, ya miƙo mini jakar hannunsa ya wuce gaba. Washegari muka fara da kasuwar tufafi ta Baima, hawa bayan hawa, shago bayan shago. Daga nan muka bi manyan gine-ginen titin Guangyuan a ƙafa, cikin zafin da ke sa mayafi ya manne a wuya. Aikina shi ne in tsaya tsakaninsa da mai shago. Shi kalmomi biyu kawai ya riƙe, laoban, wato maigida, da meiyou, wato babu, kuma ko su ba ya faɗa sai da tsawa. Zai ce in faɗa wa mutumin nan ɓarawo ne, ni kuma in juya in ce kawuna yana ganin farashin ya ɗan yi sama. Zai ce in faɗa wa matar nan ɗinkinta na makafi ne, in ce muna son a ƙara kula da bakin rigar. Haka na yi ta wanke masa baki yini guda, ina riƙe da ledojin samfur a hannu biyu, shi yana gaba yana waya. Na bar darussa na rana saboda shi. Ban yi ƙorafi ba. Abu ɗaya na roƙa, na kuma maimaita masa har ya ce ya ji: Talata da safe ba zan samu fitowa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka tafi wani gidan abinci na Musulmin China da ke kusa, mu da wasu 'yan kasuwar Kano abokansa, da Hajiyar nan ta Maraɗi da na ja ta don kada in zama mace ni kaɗai. Aka kawo taliya da gasasshen naman rago. Wani dattijo a cikinsu, cikin mutunci, ya tambaye ni me nake karanta. Na ce ilimin harsuna. Ya ce kamar me ke nan. Da na san abin da zai biyo baya da na ce tafinta kawai na yi shiru. Amma zumuɗi ya kwashe ni. Na fara ba shi labarin farce, yadda Bafarishe da Bajamushe da ɗan Indiya suke faɗin kalma ɗaya ba su sani ba. Dattijon yana saurare, har ya ajiye cokali.

Kawu ne ya katse ni. Ya ce in tsaya, shi bai gane ba, farce wanne. Na ce farce dai na yatsa. Ya ɗaga hannunsa mai maiƙon nama ya nuna wa tebur ya ce, wannan? Na ce shi.

Ya yi dariya har ya ƙware, sai da aka miƙa masa ruwa. Ya ce jama'a su taya shi ji, 'ya'yan mutane suna zuwa China su koma da likitanci da injiniyanci, tasu ta tsallako teku ta zo karatun farce. Ya ce da an sani da an haɗa ni da masu yawo da almakashi a bakin kasuwa, su ba sa buƙatar biza. Wasu suka yi dariya don ya ji daɗi, wasu suka sunkuyar da kai. Hajiya ta ce, "Alhaji, ilimi ai ba shi da ƙarami." Bai ko kalle ta ba. Ya zaro waya, ya danna, ya fara ɗaukar murya a gabana, zuwa guruf ɗin danginmu. Ya ce ga shi zaune da mai digirin farce, duk wanda nasa ya yi tsawo ya yi haƙuri ta kusa dawowa.

Ina zaune ina kallon kwanon taliyata. Wannan mutumin da tun da ya sauka ko ruwan sha bai iya nema da bakinsa ba. Wannan mutumin da in ba don ilimin da yake yi wa dariya ba da tuni wani mai shago ya watso masa kayansa waje. Harshen da na kwana biyu ina ara masa, a ina yake zaton na samo shi? A bakin kasuwa? Gurbin karatun nan jarrabawa na zauna na ci, babu wanda ya roƙa mini. Duk wannan yana bakina, ban faɗa ba, saboda an koya mini cewa ba a mayar wa babba magana a gaban mutane. Shi kuwa ba a taɓa koya masa cewa ba a tozarta ƙarami a gaban mutane ba.

Kafin mu kai tashar jirgin ƙasa wayata ta cika. 'Ya'yan ƙannen Umma suna ta turo dariya. Wani ya turo hoton almakashi. Wata da ko sakandare ba ta gama ba ta tambaya ko akwai digiri na uku a kan gashin hanci. Sunan ya zauna daram, mai digirin farce. Umma tana cikin guruf ɗin, ta ji, ba ta ce komai ba. Wannan shirun ya fi dariyar ci mini rai.

Duk da haka Asabar na fita da shi, Litinin ma na fita. Da za mu rabu na sake tuna masa zancen Talata. Ya ce ai ya ji, ko so nake ya rubuta a goshi.

Talata na shirya da wuri. Na goge doguwar rigata mai ruwan toka, abokiyar ɗakina tana ta gwada yadda za ta miƙe ta faɗi kalmarta kamar mai shela, muna dariya. Ina ɗaura mayafi kiran Kawu ya shigo. Ya ce in zo yanzu yanzu, akwai matsala a kan kayansa, yana wani shago a titin Guangyuan. Na tambaye shi wace irin matsala, ya ce ba maganar waya ba ce. Na ce ya ba ni zuwa azahar, da na fito daga aji zan taho. Ya kashe.

Ban kai ƙofa ba Umma ta kira. A Kano lokacin ko asuba ba ta yi ba, Kawu ya tashe ta daga barci. Ta ce ƙaninta yana cikin tashin hankali a ƙasar da bai san kowa ba, an riƙe masa kaya, ni kuma na ce ba zan je ba. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, ta ce ba ta son jin komai. Ta ce, "In har ni na haife ki, ki tafi wurinsa yanzu."

Babu abin da ake cewa bayan wannan. Na tura wa Laoshi saƙo cewa wani abu na gaggawa ya taso a dangina. Abokiyar ɗakina ta tsaya tana kallona da takalmi ɗaya a ƙafa. Na fita. A cikin jirgin ƙasa har na fara jin tsoro da gaske, ina tunanin ko 'yan sanda ne, ko an gudu da kayan ne, ko faɗa ya yi da wani. Daga tasha na yi ta sauri ina kutsawa tsakanin masu tura kaya a amalanke, na hau bene ina haki.

Na same shi zaune a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da ƙaramin kofin shayi a hannu. Laoban ɗin shagon yana gefensa yana ƙara masa, suna murmushi. Kayansa suna nan a ɗaure a lungu, an ma rubuta alamarsa a jikin buhunan. Na tambaye shi me ya faru. Ya ce yauwa, na iso. Ya ɗauko wata leda da za a riƙa zuba rigunan a ciki, wadda aka buga sunan shagonsa a jiki. Ya ce rubutun ruwan azurfa aka yi, shi kuwa ruwan zinare yake so, ya yi ta nuna wa mutumin bai gane ba. In faɗa masa.

Na ce, "Kawu, wannan ce matsalar?"

Ya ce eh mana, ai gobe za a buga sauran.

Na ce na faɗa masa yau nake gabatar da aikina, yanzu haka ajin yana zaune, sunana ake jira. Ya kurɓi shayi ya ce, "To farcen guduwa zai yi?"

Ban san lokacin da na ajiye jakata a kan teburin mutane ba. Ban ɗaga murya ba, wannan ko shi ba zai ce na yi ba. Na ce masa tun da ya sauka nake bin sa kamar baiwa, na bar karatuna, na ɗauki kayansa, na mayar da zaginsa gaisuwa a kowane shago, bai taɓa cewa sannu ba. Na ce ya mayar da ni abin dariya a gaban baƙi da gaban dangi na haɗiye. Na ce ya tashi yayarsa da tsakar barci ya yi mata ƙarya don launin leda. Kalmar ƙarya ita ta sa ya ajiye kofin. Ya ce ni shi nake kira maƙaryaci. Na ce abin da ya faɗa wa Umma, gaskiya ne? Ya ce lallai boko ya lalata ni.

Laoban yana ta kallonmu, ya tambaye ni da yarensu ko akwai abin da ya yi ba daidai ba. Na ce masa babu, na gode masa da shayin da ya ba kawuna. Zancen zinare kuwa ban fassara ba. Na ɗauki jakata na ce wa Kawu tunda ilimina na banza ne, ya gwada yini ɗaya babu shi. Na sauko.

A kan gadar masu tafiya a ƙafa na tsaya, motoci suna wucewa a ƙarƙashina. Na yi kuka, amma ba na nadama ba. Na duba lokaci na ga ko tashi zan yi sama ba zan tarar da ajin ba.

Laoshi ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce jadawalin ya cika, babu wata rana a aji, amma in zo ofishinta ranar Alhamis in gabatar mata, kuma za ta rage maki kamar yadda dokar darasin ta ce. Na je. Ɗaki ne ƙarami mai warin tsofaffin littattafai, ita kaɗai a kujera tana riƙe da kofin ruwan zafi. Ni na faɗi nokhun, ni na faɗi nogot, ni na faɗi ongle, duk da bakina na Bakanuwa, kalmomin suka fito kamar an jera su a faranti sun huce. Abin da na so a ji ba a ji shi ba. Da na rubuta namu ukun a takarda ta daɗe tana dubawa, ta sa na maimaita mata ƙumba har sau nawa don ta kasa furta harafin farko. Ta ce ita ba ta da amsa, kuma ba ta san wanda yake da ita a makarantar ba. Ta ba ni makin da ya rage. Na fito ban ji sanyi ba ko kaɗan.

Kawu ya ƙarasa kwanakinsa da wani tafinta da abokansa suka samo masa, ya koma Kano ban raka shi ba. Kafin ya sauka labarin ya riga shi isa, a yadda ya tsara shi. Wai na zage shi a gaban arna na tafi na bar shi a tsakiyar kasuwa bai san hanya ba. Babu leda a cikin labarin, babu shayi, babu kiran tsakar dare. Mutanen da suka turo hoton almakashi su ne suka koma masu wa'azi a kan ladabi. Na fita daga guruf ɗin, wannan ma ya zama wani laifin.

Umma ta daina ɗaukar wayata. Na yi ta kira, na tura saƙo, na rubuta mata duk abin da ya faru dalla-dalla. Ta karanta ba ta amsa ba. Abin da ya fi ƙona ni shi ne na san ta yarda da ni. Ta san ƙaninta fiye da kowa. Amma a wurinta gaskiyata ba ta kai girman gemunsa ba. Da ta tashi kira, bayan makonni, ba ta tambayi yadda aikin ya ƙare ba. Ta ce Kawu yana gidan, za ta miƙa masa waya, in ba shi haƙuri a wuce wurin.

Na yi don ita. Na ce Kawu ka yi haƙuri. Ban ce na yi kuskure ba, ya kuma lura, don ya ɗan yi jim yana jiran sauran. Da bai zo ba sai ya ce ba komai, yaro ai yaro ne, Allah Ya shirya. Har na buɗe baki zan yi sallama sai ya ce, af, tunda ma an samu ni, akwai ragowar kayansa a wani sito can bayan tashar jirgi, in leƙa gobe in gani ko an loda, in ɗauko masa hoto.

Ina jin motsin Umma a kusa da shi, da ƙarar cokali a kofi. Na ce, "Ba zan samu dama ba, Kawu."

Ya ce me na ce. Na maimaita masa a hankali, kalma bayan kalma, yadda nake yi wa masu shago idan ba su ji da farko ba. Cokalin ya tsaya. Na gaishe shi da iyali, na ce a gaida Umma, na kashe wayar.